Alhasan Ɗantata: attajirin da ya amsa sunan baiwa

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin rajista a makarantar nan ya san gurbin da ake ɗan tsayawa a yi tunani, wato inda aka ce a rubuta sunan iyali. Wani ya sa sunan mahaifinsa, wani na kakansa, wani kuma na garinsu ko unguwarsu, sai a wayi gari wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da nasa a satifiket. Ba laifinmu ba ne. Bahaushe bai gaji sunan iyali irin na Turawa ba. Abin da muka sani shi ne sunan yanka, sai laƙabi, sai kuma a jingina mutum ga ubansa ko garinsu ko sana'arsa. Shi ya sa manyanmu da dama suka shahara da sunayen garuruwa, irin su Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa da Shagari. Gidajen da suna ɗaya ya bi su tun daga kaka har tattaɓa kunne 'yan kaɗan ne. A gidan Dabo akwai Bayero, wanda ya samo asali daga Sarki Abdullahi Bayero da ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. A wajen fada kuwa, ban ga sunan da ya kai Ɗantata nauyi a Kano ba.

To amma mu nawa ne muka san cewa Tata ɗin nan ba attajiri ba ne, ba basarake ba ne, ba ma namiji ba ne? Wata tsohuwar baiwa ce a Bebeji.

An haifi Alhasan a Bebeji wajen 1877, a gidan fatake. Danginsa Agalawa ne, wato ɗaya daga cikin ƙungiyoyin 'yan kasuwar da suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa Baba Talatin shi ne ya taso da iyalin daga ƙasar Katsina zuwa Madobi, mahaifinsa Abdullahi kuma ya zauna a Bebeji, garin da ke kan hanyar ayari. Mahaifiyarsa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Wato dai yaron ya buɗe ido cikin rufin asiri, kuma da abubuwa sun tafi yadda aka tsara, da yanzu wataƙila Alhasan Abdullahi Bebeji za a ce masa, kamar kowa.

Sai mahaifin ya rasu wajen 1885, Alhasan bai wuce shekara takwas ba. Aka raba gado, abin da ya samu bai kai ya riƙe shi ba. Amarya ta kwashi kasuwancinta ta koma Akara, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bar 'ya'yan a hannun Tata. Ita ta ci gaba da rainonsa, har mutanen gari suka daina jingina shi da uban da ya rasu ko uwar da ta yi nisa, suka koma ce masa ɗan Tata. Ya yi karatun allo a Bebeji, ya yi rayuwa irin ta almajiri, yana 'yan ayyuka don ya ci. Masu tarihin gidan sun ce a wurin Tata ya koyi adana kuɗi a asusu, kuma ɗabi'ar tattalin nan ba ta bar shi ba har ya mutu.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai sauya sunan ba. Ku duba fa, mutum ne da daga baya ya zauna da sarakuna da manyan Turawan kamfani, a garin da ake yi wa mutum gori da asali, har a hana shi aure a kai. Da ya so, da ya ce a riƙa kiransa ɗan Madugu ko ɗan Abdullahi, babu mai musa masa. Amma ya bar sunan baiwar a kan kamfaninsa da kan 'ya'yansa. Littattafan tarihi layi ɗaya ko biyu suke ba ta, alhali sunanta ne a jikin tireloli da allunan kamfanoni daga Kano har Legas.

Yana saurayi ya bi ayari ya je Akara wurin mahaifiyarsa, ya zauna na ɗan lokaci ya dawo. Dawowar ta zo daidai da masifa. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi, aka shiga yaƙin Basasa. Agalawa da yawa sun bi Tukur, kuma Tukurawa ne suka sha kashi, Alu Babba ya hau gado. Aka kama Alhasan da 'yan uwansa Bala da Sidi a matsayin ganimar yaƙi, sai da aka fanshe su. Wanda baiwa ta raina, ga shi shi ma ya leƙa bakin bauta ya dawo. Lokacin bai cika shekara ashirin ba.

Daga nan ya koma fatauci gadan-gadan. Fataucin Gwanja a wancan zamani tafiya ce ta watanni a ƙafa, da jakuna da 'yan alaro, a kai kanwa da rinannun tufafi da fatu, a dawo da goro a huhu, ana yi masa yayyafin ruwa a hanya kar ya bushe, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowane kogi. A farkon 1903 Turawa suka fasa ƙofar Bebeji a kan hanyarsu, suka ci Kano. Tsofaffin madugai da yawa sun ci gaba da bin hanyar da suka gada. Alhasan ya lura cewa goron da ake wahalar ɗaukowa ta daji zai iya hawa jirgin ruwa daga Akara ko Sakandi ya sauka a Legas cikin 'yan kwanaki, sai ya koma wannan hanyar, yana cikin 'yan arewa na farko da suka yi haka. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai ya zama goronsa na tahowa daga bakin teku har Kano ba tare da jaki ko ɗaya ba. Ya yi gida a unguwar Koki, ya tattaro harkokinsa ya dawo birni.

Jirgin ƙasan nan kuwa, Turawa auduga suka yi wa shi. Burinsu manoman Kano su noma auduga a kai masaƙun Ingila. Sai manoma suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, auduga kuwa ba a miya da ita. A Turai ma masana'antun sabulu da man shafa wa burodi suna neman man gyaɗa ido rufe. Matsalar kamfanonin Turawa ita ce ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa sosai, manomi kuma bai yarda da su ba. Waɗanda suka san kowace kasuwar ƙauye, suke da yara a ko'ina, su ne fataken goro. Kamfanin Neja ya nemi Alhasan a 1918 ya riƙa saya masa gyaɗa, kuma da aka haɗe kamfanin da wani aka kafa UAC a 1929, ya zama babban mai saya musu. Akwai wasu attajirai a fagen, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, amma tun farkon shekarun 1920 ya sha gabansu.

Yadda harkar take tafiya abin nazari ne, musamman ga 'yan uwana masu karanta harkokin kasuwanci. Kamfani zai ba shi kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, su shiga ƙauyuka, su ba manoma bashi ko kaya tun damina, a biya da gyaɗa idan an girbe. Babu lauya, babu takardar yarjejeniya mai shafi goma, amana ce da sanin asalin juna ke riƙe da dubban fam. Yaron gida da ya nuna gaskiya a yi masa aure, a ba shi gida, a ƙara masa jari. Tsarin ya fitar da mutane da yawa daga talauci. Sai dai kada daɗin labari ya sa mu manta da wanda ke can ƙasan tsanin. Manomin da ya karɓi bashi a watan yunwa ba shi da bakin taya gyaɗarsa ranar awo, farashin kuma a Landan da Libaful ake yanke shi. Kamfani ya ci kaso mafi tsoka, dillali ya ci nasa, mai fartanya ya tashi da abin da ya rage. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita a hotuna, wadda aka ce kowace ɗaya kan ɗauki buhu 15,000, ita kanta ta taru ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe kayan a kan lokaci. Wanda ya bi ta Ƙofar Mazugal yau zai ga filin, dalar kam sai a hoto, tun bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da kuma kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati.

Labarin da kowa ya fi sani shi ne na banki. A 1929, da bankin Turawa na Afirka ta Yamma, wanda ya zama First Bank a yau, ya buɗe reshe a Kano, an rubuta cewa Alhasan ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Ya yi aikin Hajji a shekarun 1920, lokacin da yawancin alhazanmu ke tafiya a ƙasa ta Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Daga baya ya shiga majalisar Sarkin Kano, abin da ba a saba gani ba ga wanda ba ɗan sarauta ba kuma ba malamin fada ba. A farkon shekarun 1950 ya samu lasisin sayen gyaɗa kai tsaye ga hukumar kasuwancin amfanin gona, ba sai ta hannun kamfanin Turawa ba. Duk da haka, waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa mutum ne marar almubazzaranci, mai bin lissafin kowane kwabo. Na tabbata da a zamaninmu yake, da wasu sun ce masa maƙo.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su wargaza kamfanin Alhasan Ɗantata da 'Ya'yansa. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Allah ya jiƙansa. A ganina wasiyyar nan ce ta mai da laƙabi ya zama sunan iyali. Attajirai nawa aka yi a Kano waɗanda dukiyarsu ba ta wuce ranar rabon gado ba, yau ko jikokinsu ba sa amsa sunansu?

Babban ɗa, Ahmadu, ya riƙe kamfanin har ya rasu a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya yi fice a gyaɗa da sufurin manyan motoci, kuma na hannun daman Shehu Nasiru Kabara ne a Ƙadiriyya. Mamuda yana cikin waɗanda suka fara shirya jigilar alhazai. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya karɓi ragamar kamfanin bayan Ahmadu, ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da mai da sauransu, ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote kuwa, da aka haifa a 1957, ɗan Hajiya Mariya ce 'yar Sanusi, wato tattaɓa kunnen Alhasan ne ta wajen uwa, shi ya sa bai amsa sunan ba duk da a gidan ya tashi.

Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba sai mun shiga cikin birni za mu ga sunan ba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan titin Zariya, akwai cibiyar wankin ƙoda mai suna Alhasan Ɗantata, wadda Alhaji Aminu ya bayar da sunan mahaifinsa. Wanda ya san siyasar da kuwa zai yi murmushi, domin a zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1956, Ahmadu Ɗantata na jam'iyyar NPC ne ya kayar da Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, jam'iyyar talakawan da ke noma gyaɗar. Yau ga sunayen biyu a cikin katanga ɗaya, masu jinya na shiga ta ƙofar Malam su wuce sashen Ɗantata.