Shaihu Rashid Ɗan Sa'idu, Sarkin Dubai (1912–1990)

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu.

Sa'ad da a ke shirya wannan ɗan littafi na bikin masallacinmu, sai muka ga bai kyautu baƙo ya daɗe yana shan inuwa bai san wanda ya kafa rumfar ba. Mu da ke zaune nan Al Qusais kullum muna jin sunan Rashid, ga asibiti, ga tashar jiragen ruwa, ga hanya, amma kaɗan ne cikinmu suka san mai sunan. Saboda haka za mu ba da tarihinsa a taƙaice, musamman ta wajen mulki, gama mu mutanen Nijeriya da Nijar mun san sarauta, mun san Turawa, waɗansunmu kuma sun ɗanɗana zaƙin Tarayya da ɗacinta.

An haifi Shaihu Rashid cikin 1912, watau shekarar da mahaifinsa, Shaihu Sa'idu ɗan Maktum, ya hau gadon sarauta. Asalinsu Bani Yas ne, kakanninsa suka taso daga Abu Dabi suka zauna Dubai cikin 1833. Mahaifiyarsa, Shaiha Hissa, mace ce mai dukiya da kaifin hankali, har maza kan nemi shawararta. Ya yi karatu a makarantar Al Ahmadiya ta Deira. Kada mai karatu ya ruɗe da sunan: na wani attajirin lu'ulu'u ne da ya kafa ta, Ahmad ɗan Dalmuk, ba ruwanta da ƙungiyar nan da muka sani a gida.

A zamanin nan Dubai ƙaramin gari ne, yawancin gidajensa na zarɓar dabino, abincin mutane kuwa duk yana ga nutso cikin teku neman lu'ulu'u. Wajen 1930 kasuwar duniya ta faɗi, mutanen Japan kuma suka gano dabarar renon lu'ulu'u da hannu, sai sana'ar ta mutu murus. Rashid ya tashi yana ganin attajirai suna tsiyacewa, talakawa suna barin gari don yunwa. Mu a ganinmu, wannan shi ne mabuɗin halinsa duka: bai sāke yarda gari ya rataya ga igiya ɗaya ba.

Turawan Ingila fa suna nan, amma zamansu dabam ne da wanda suka yi a ƙasarmu. Mu sun ci Kano da Sakkwato da yaƙi cikin 1903, suka sa Razdan bisa sarki, suka riƙe baitulmali. Nan kuwa alkawari suka ƙulla da sarakunan gaɓa cikin 1892, cewa ba za su yi hulɗa da wata ƙasar waje ba sai ta hannun Ingila. Sha'anin cikin gida suka bar wa sarki, amma fa ba su gina masa kome ba.

Cikin 1938 waɗansu attajirai da 'yan'uwan sarki suka tashi suka ce lalle a kafa majalisa mai iko bisa kuɗin gari. Aka kafa ta da mutum 15. Ta soma gyaran kwastan, ta buɗe makarantu, ta tsara tsabtace gari. Ba ta cika shekara ba aka watsa ta da ƙarfi cikin watan Maris 1939, Rashid kuwa shi ne kan gaba cikin masu tsaya wa ubansa. An zub da jini, waɗansu suka gudu Sharja. Ba mu ga amfanin ɓoye wannan ba, tun da ya ke yana cikin tarihi. Abin lura shi ne, da ragamar gari ta komo hannunsa, yawancin abin da majalisar nan ta nema shi ya aikata da kansa. Ya karɓi aikin, ya ƙi raba ikon.

Mahaifinsa ya rasu cikin 1958, ya gaje shi. A lokacin yashi ya kusa toshe Khor, watau hannun tekun da ya ratsa gari, har manyan jiragen katako ba su iya shiga sai ruwa ya cika. Ya ci bashi daga Kuwait, ya kuma tara kuɗi wurin attajiran gari, aka yashe shi. Jirage suka dawo, kuɗin kwastan ya biya bashin. Ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe Nijeriya za ta sami mulkin kai, aka buɗe filin jirgin saman nan da ke maƙwabtaka da mu, wanda ƙararsa ke tashe mu da asuba. Hanyar saukarsa ta daɓen yashi ce a sa'an nan. Gadar Maktum ta biyo baya cikin 1963. Duk wannan tun ba a ga ɗigon man fetur ba, gama sai cikin 1966 aka same shi cikin teku, aka fara sayarwa cikin 1969. Al'adarsa ce ya yi sammako ya zaga wuraren aiki ya gani da idonsa, kāna ya zauna fada, attajiri da talaka ko wane ya kawo maganarsa.

To, babbar jarrabawa ta zo cikin Janairu 1968, da Gwamnatin Ingila ta ce za ta kwashe sojanta daga yankin kafin ƙarshen 1971. Ƙananan masarautu, ga manyan maƙwabta ta ko wane gefe! Ran 18 ga Fabrairu 1968 Shaihu Rashid ya sadu da Shaihu Zayid na Abu Dabi cikin tanti a hamadar da ke kan iyakarsu, suka shirya su haɗu, suka kuma kira sauran. Masu cewa abin ba zai ɗore ba suna da hujja. Haɗin Masar da Siriya ya watse cikin 1961, Tarayyar Mali ba ta yi ƙarko ba, a daidai lokacin nan kuma Nijeriya tana cikin yaƙin basasa. Har ma Bahrain da Katar, da aka fara shawarar da su, suka janye, ko wacce ta kama gabanta. Duk da haka ran 2 ga Disamba 1971 masarautu shida suka sa hannu a Jumeira, Ras Al Khaima ta shigo cikin Fabrairu 1972, suka cika bakwai. Shaihu Zayid ya zama Shugaba, Shaihu Rashid Mataimaki.

Rashid bai shiga da ido rufe ba, ciniki ya yi irin na ɗan kasuwa. Ikon ƙoli yana ga Majalisar Sarakuna bakwai, kuma ba a zartar da babban al'amari sai biyar sun yarda, cikinsu lalle da Abu Dabi da Dubai. A Majalisar Ƙasa mai kujera 40, Dubai ta sami 8, daidai da Abu Dabi, ko da ya ke ba ta kai ta faɗi ko arziki ba. Ko wace masarauta kuma ta riƙe arzikin ƙasarta. Wanda ya san rigimar rabon kuɗin mai a Nijeriya zai gane nauyin wannan sharaɗi.

Ba a rasa saɓani ba. Shaihu Zayid yana son Tarayya mai ƙarfi, soja ɗaya, hukuma ɗaya, shi kuwa yana tsoron kada a ɗaure wa garinsa hannu wajen kasuwanci. Cikin 1979 abin ya yi tsanani, har Kuwait ta shiga tsakani. Maganin da aka samu abin mamaki ne: shi mai ja da baya ɗin aka ba Firayim Minista, ya kuwa karɓa, ya ɗauki nauyin abin da dā ya ke ɗari-ɗari da shi. Cikin shekarar nan aka buɗe tashar Jabal Ali, wadda mutane da yawa suka ɗauka ɓarnar kuɗi ce. Sojan Dubai kuwa ba su narke cikin na Tarayya ba sai 1997, bayan ransa.

Ciwo ya kama shi cikin 1981, 'ya'yansa suka riƙa tafiyad da al'amura. Matarsa, Shaiha Latifa, ta riga shi cikin 1983. Ya rasu ran 7 ga Oktoba 1990, ya bar 'ya'ya maza huɗu, Maktum da Hamdan da Muhammadu da Ahmadu. Maktum ya gaje shi har 2006, sa'an nan sarauta ta koma ga Muhammadu. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, da mu da iyayenmu baki ɗaya, amin.