Kalpana Chawla: Daga Ajin Zane Zuwa Sararin Samaniya

A wannan makon mun waiwayi rayuwar wata injiniya da ta rasu a bakin aiki. An haifi Kalpana Chawla a 1962 a Karnal, wani gari a arewacin Indiya. Ta karanci injiniyancin jiragen sama a kwalejin injiniyoyi ta Punjab, fannin da mata ba su cika shiga ba a lokacin, ta gama a 1982. Daga nan ta wuce Amurka, ta yi digiri na biyu a Texas, ta samu na uku a Colorado a 1988.

Aikinta na farko a hukumar NASA a gaban kwamfuta ta yi shi. Tana lissafa yadda iska ke zagaya jikin jirgi, musamman irin wanda ke tashi tsaye ba tare da ya yi gudu a ƙasa ba. Masu ƙorafi da darasin lissafi su lura, shi ne ya kai ta ga kumbo. A ƙarshen 1994 aka zaɓe ta cikin masu horon zama 'yan sama jannati.

A Nuwamba 1997 ta tashi a kumbon Columbia, ta zama mace ta farko haifaffiyar Indiya da ta je sararin samaniya. Tafiyar ta zo da tangarɗa. Ita ce mai sarrafa dogon hannun ƙarfen kumbon, da shi kuma ta saki tauraron ɗan adam mai suna Spartan. Tauraron ya ƙi aiki, da ta yi ƙoƙarin sake kama shi sai ya shiga juyawa. Dole abokan tafiyarta biyu suka fita waje suka riƙe shi da hannu. An yi watanni ana bincike, aka gano giɓi a manhajar kwamfuta da tsarin aikin, daga baya aka sake ba ta kujera. A ganinmu wannan lokacin ya fi ranar tashin gwada ta.

Ba ta manta da makarantarta ta Karnal ba: ta shirya yadda ɗalibai biyu daga can za su riƙa zuwa shirin koyon ilimin sararin samaniya a Amurka duk shekara.

Ranar 16 ga Janairu, 2003, Columbia ya sake tashi da ita da wasu mutum shida. Daƙiƙa kusan 82 da tashi, wani guntun soso mai rufe tankin mai ya ɓalle ya daki fiffiken hagu. Sun yi kwana 16 suna gwaje-gwajen kimiyya kusan 80. Ranar 1 ga Fabrairu, suna dawowa, iska mai tsananin zafi ta shiga ta ramin da soson ya yi, kumbon ya tarwatse a saman Texas, saura minti 16 su sauka. Babu wanda ya tsira. Tana da shekara 40.

Kwanaki kaɗan bayan haka Indiya ta sauya wa tauraronta na hasashen yanayi suna, ya koma Kalpana-1.