Abul Ƙasim Azzaharawi, likitan fiɗa

A ƙasar Kurfai, in yaro ya isa kaciya, wanzami ake kira. In kuwa ciwo ya fi ƙarfin wanzami, kamar gwaiwa, sai a nufi asibiti a yi fiɗa. Wannan aiki yana da tsohon malami, sunansa Abul Ƙasim Azzaharawi.

An haife shi wajen shekara ta 936, kusa da birnin Kurduba, cikin ƙasar Andalus, wato Ispaniya ta yau. Ya zama likitan sarki Alhakam na biyu. Ya rubuta wani babban littafi mai kashi 30, sunansa Attasrif. Kashi na ƙarshe na fiɗa ne. A ciki ya zana kayan aiki wajen 200: asake, almakasai, hantsaki da ƙugiyoyi, don almajiransa su ga siffarsu.

Ya bayyana yadda ake fid da tsakuwa daga mafitsara. In zai ɗinke rauni a cikin ciki, da zaren hanjin dabba yake ɗinkewa. Wannan zare ba a warware shi, jiki ne ke shanye shi. Ya kuma lura da wani ciwon gado wanda ba a cika gani ba: namiji ya ji ɗan rauni, jini ya ƙi tsayawa, har ya mutu.

Ya rasu a shekara ta 1013. Cikin ƙarni na 12 aka juya kashin fiɗar zuwa Latinanci, likitocin Turai suka yi ta karatunsa shekara wajen 500.