Ibnul Haisam: Malamin da Ya Ɗora Ilimin Haske a Kan Gwaji

Sunansa Abu Ali Hasan ɗan Hasan ɗan Haisam. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajajen shekara ta 354 bayan Hijira, daidai da 965 Miladiyya, zamanin da littattafan Yunanawa na lissafi da falaki suka riga suka shiga harshen Larabci. A nan ya yi karatu, har sunansa ya kai Alƙahira, fadar Halifa Al-Hakim na daular Faɗimiyya.

Masanin tarihi Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito cewa labari ya je wa halifan cewa wannan malami yana da dabarar da zai sarrafa ambaliyar kogin Nilu, jama'a su amfana da shi ko ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Sai ya aika aka ɗauko shi, ya haɗa shi da magina, suka nausa kudu har kusa da Aswan. Da Ibnul Haisam ya ga faɗin kogin da ƙarfinsa, sai ya tabbata aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa. Ya dawo ya faɗa wa halifa gaskiya, alhali ya san Al-Hakim mutum ne mai saurin zubar da jini. Aka ba shi wani muƙami a hukuma, amma tsoro bai bar shi ba, har ya ƙirƙiri taɓin hankali, aka yi masa ɗaurin talala a gida. Bai fito ba sai bayan da mulkin Al-Hakim ya ƙare a 1021. Shi kuwa wancan wuri, sai a 1902 aka iya gina madatsar ruwa ta farko a kansa.

Daga nan ya tare kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littafin Iƙlidis na lissafi da na Baɗlamus na falaki da hannunsa, yana sayarwa ya ci abinci, sauran lokacinsa kuma na bincike ne.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai. Kafin shi, manyan masana irin su Iƙlidis da Baɗlamus sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da haske ya sauka a kan abu, sannan a gani. Ibnul Haisam ya kafa hujja cewa hasken ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Ya lura cewa kallon rana yana cutar da ido, kuma siffarta kan daɗe a idon bayan an kawar da kai. Ya jera fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu wanda ke da 'yar kafa, sai hasken kowace fitila ya bayyana daban a bangon ciki. Da ya rufe ɗaya, sai nata hasken kaɗai ya ɓace. Da haka ya nuna cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma haskoki ba sa cakuɗewa a mashigarsu. Wannan shi ne tushen aikin kowace kyamara. Ya kuma auna yadda haske ke komawa baya daga madubi, da yadda yake karkata idan ya shiga ruwa ko gilashi. Sannan ya rubuta littafi sukutum kan kurakuran Baɗlamus, duk da girman da yake ba shi.

Ya rasu a Alƙahira wajajen 1040. Shi ma bai tsira daga gyara ba, domin bayaninsa kan bakan gizo bai dace ba. Bayan kusan shekara 270, Kamaluddin Al-Farisi, wanda ya yi sharhin Kitabul Manazir, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama, ya bi sawun haske a cikinsa a ɗaki mai duhu, ya gano yadda bakan gizo ke samuwa. Da hanyar malamin aka gyara malamin.

An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572, Kepler ya yi gini a kansa. Newton ya rarrabe farin haske zuwa launuka, sannan wajajen 1860 Kirchhoff da Bunsen suka nuna cewa kowane sinadari yana da nasa tambarin a cikin launukan nan. Daga nan ilimin gane abu ta hanyar haskensa ya kankama. 'Yar na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa a asibiti, da haske iri biyu take auna iskar da ke cikin jininsa. Manomin rake na Maƙarfi da Kudan da mai tumatir na Ikara ma suna da rabo a ciki, domin ma'aunin da masana'antu ke gane yawan sukarin ruwan rake da kaurin markaɗen tumatir da shi, da karkatar haske yake aiki. Ba Ibnul Haisam ne ya ƙera waɗannan ba, amma shi ya share fagen. Shi ya sa a 2015, Shekarar Haske ta Duniya, hukumar UNESCO ta yi bikin cikar littafinsa shekara 1,000.

Ɗalibinmu na lafiya ko na kimiyya yana da abin koyi a nan. Mutumin da ya iya cewa sarki aikin nan ya gagare shi, shi ne ya iya cewa magabata sun yi kuskure, domin a duka biyun abin da ya gani ya faɗa. Sakamakon awo amana ne, ko na jini ne ko na hoton ƙirji, kuma rayuwar wani na rataye da shi. Allah Ya jiƙan Ibnul Haisam, Ya ba mu ilimi mai amfani.