Johannes Trithemius, Malamin Da Aka Ɗauka Boka

A wannan fitowa na zaɓi in kawo muku tarihin wani Bajamushe wanda gwanintar ɓoye magana ta ja masa baƙin jini na kusan shekara 500.

An haifi Johannes Trithemius a 1462 a ƙauyen Trittenheim, bakin kogin Mosel a ƙasar Jamus. A 1482 yana kan hanyar gida daga karatu a Heidelberg sai dusar ƙanƙara ta tare shi, ya fake a gidan ruhubanawa na Sponheim. Baƙon kwana ya zama ɗan gida, domin a 1483 aka naɗa shi shugaban wurin yana da shekara 21. Ya tarar da littattafai kamar 50 a ɗakin karatunsu, ya yi ta tarawa har suka kai wajen 2,000.

Wajen 1499 ya rubuta littafin Steganographia, ma'ana rufaffen rubutu. Wanda ya buɗe shi sai ya ga sunayen aljanu da surkullen kiransu don su kai saƙo nesa. Alhali in aka tsallake kalma aka ɗauki kalma, a cikinta ma aka tsallake harafi aka ɗauki harafi, sai bayani sarai ya fito. Duk wanda ya yi zaurance a ɗakin kwana don kada firifet ya gane, ya san tushen dabarar. Sai dai mai jin zaurance ya san ana ɓoye masa wani abu, shi kuwa Trithemius so yake kada a ma yi zaton akwai abin ɓoyewa.

A shekarar ce ya rubuta wa abokinsa Arnold Bostius wasiƙa yana yabon littafin. Kafin ta isa Bostius ya rasu, wasu suka karanta, labari ya bazu cewa shugaban Sponheim boka ne. Dama ruhubanawansa sun gaji da tsananinsa, a 1506 ya bar gidan da littattafan da ya sha wahalar tarawa, ya koma Wurzburg, inda ya rasu a Disamba 1516. A 1518 aka buga Polygraphia, littafin farko da aka buga a kan rubutun sirri. A ciki ya ba kowane harafi kalmar Latin, ta yadda saƙo zai fito kamar addu'a. Steganographia kuwa sai 1606 aka buga shi, a 1609 Cocin Katolika ta haramta shi. Kashi na uku ya ci gaba da zama hujjar masu zargi har Thomas Ernst da Jim Reeds, kowa a nasa ɓangaren, suka warware shi a shekarun 1990, aka ga jadawalin lambobinsa ma rubutun sirri ne.

Abin da ya sa na ce tarihin nan ya shafe mu shi ne sa hannun kwamfuta, wanda bankuna da gwamnatoci ke tabbatar da takardu da shi. A 1983 Gustavus Simmons na cibiyar Sandia a Amurka ya kawo misalin fursunoni biyu da gandiroba mai karanta wasiƙunsu. Wasu hanyoyin sa hannun suna buƙatar lamba wadda ya kamata a zaɓa da ka, kamar ƙuri'a. Mai sa hannu yana iya zaɓen ta da gangan ta ɗauki saƙo. Gandiroba zai duba ya ga sa hannu sahihi ne ya miƙa, ɗan'uwan fursuna mai mabuɗi ya zare saƙonsa.

A ganina darasin da Trithemius ya bar mana ke nan: ingancin hatimi yana shaida wanda ya aiko takarda, amma ba ya shaida cewa abin da ido ya gani shi kaɗai ne a cikinta. Masu aikin banki da na gwamnati a cikinmu sai a kula. Allah Ya sa mu dace.