Susana Wesley, Uwar da Ta Mai da Gidanta Makaranta

A wannan wata labarin wata mace za mu kawo muku, matar wani fasto na ƙasar Ingila. Da yawa cikinmu mun san sunan John Wesley mai-wa'azi, da ƙanensa Charles mai-shirya waƙoƙin sujada, amma kaɗan ne suka san wadda ta fara nuna musu baƙi a takarda. Sunanta Susana. Na zaɓi labarinta ne domin iyaye su kan tsai da ni bayan sujada su tambaye ni yadda za su soma koya wa ƙananan 'ya'yansu a gida, da irin littattafan da ya kamata su nema. Matar nan ta yi wannan aiki wajen shekara 20, ga talauci, ga goyo.

An haife ta a birnin Landan cikin watan Janairu 1669. Ubanta Dakta Samuel Annesley yana cikin fastoci wajen 2,000 da aka fitar daga Ekklesiyar Ingila a 1662 domin sun ƙi yarda da waɗansu ka'idodin sujada da hukuma ta ɗora. 'Ya'yansa 25 ne, Susana ce auta. Ya bar ta ta yi karatu cikin littattafansa yadda ta ga dama, abin da ba a saba yi wa 'ya mace ba a zamanin. Tun ba ta cika shekara 13 ba ta auna gardamar da ke tsakanin ubanta da Ekklesiyar Ingila, ta ga ita dai can za ta koma. Uban bai hana ta ba.

A 1688 ta auri Samuel Wesley, wani saurayi mai-ilimi wanda ya zama fasto. Daga baya aka ba shi aikin Ekklesiyar wani ƙauye mai-suna Epworth, cikin ƙasar fadama ta Lincoln, can kuwa suka zauna kusan shekara 40. Ta haifi 'ya'ya 19. Tara sun rasu tun suna jarirai, 10 suka girma, maza 3 da mata 7.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Maigidan mutum ne mai-tsoron Allah, amma bai iya riƙon kuɗi ba, yana da taurin kai kuma. Wata rana ya lura matarsa ba ta amsa amin sa'ad da ya ke yi wa Sarki William addu'a, gama ita a ganinta ba shi ne magajin sarauta na halal ba. A kan wannan ya yi fushi ya bar gida watanni. Bai dawo ba sai bayan sarkin ya rasu a 1702, John kuwa aka haife shi a shekara ta gaba, 1703. A 1705 aka kulle Samuel cikin kurkukun Lincoln saboda bashin da bai kai fam 30 ba. Susana ta tuɓe zobbanta ta aika masa ya sayar, shi kuwa ya mayar mata da su.

To, cikin wannan hali ne ta kafa makarantarta. Mun san yadda ta tafiyad da ita filla-filla, gama a 1732 John ya roƙe ta ta rubuta masa, ta kuwa rubuta, wasiƙar tana nan har yau.

Ba ta fara da littafi ba. Tun yaro yana jariri ta kan sa masa lokacin barci da lokacin ci. Da ya yi wayo, abinci sau uku a rana, ba a ɗan taɓa wani abu a tsakani sai in ba shi da lafiya. Kafin bakinsa ya buɗe an koya masa ya roƙi albarka bayan addu'ar iyali da alamar hannu. Da ya soma magana, sai Addu'ar Ubangiji safe da dare, a bisani a ƙara masa gajeruwar addu'a domin iyayensa da 'yan ayoyi gwargwadon abin da zai iya riƙewa. A ganinta babban aiki na fari shi ne yaro ya koyi biyayya tun da wuri, gama ilimi a hankali ya ke shiga, amma taurin kai in an bar shi ya yi saiwa.

Karatu kuwa sai yaro ya cika shekara 5. Ran da za a fara, tun jiya an gyara gida, an ba kowa aikinsa, an kuma yi kashedi kada kowa ya shiga ɗakin daga ƙarfe 9 zuwa 12, da kuma daga ƙarfe 2 zuwa 5. Cikin yinin nan ɗaya yaron zai san dukan baƙaƙe, manya da ƙanana. Duka sun iya haka, sai 'yan mata biyu, Molly da Nancy, waɗanda suka ɗauki yini ɗaya da rabi. Uwar ta ɗauke su marasa-kai a lokacin, amma daga baya da ta ga yadda 'ya'yan waɗansu su ke daɗewa, ta sake ra'ayi. Da yaro ya san baƙaƙe, sai a buɗe masa Littafi Mai-Tsarki a Farawa sura 1. Zai haɗa baƙaƙen aya ta fari, ya karanta ta, ya sake karantawa, har ta zauna a bakinsa ba gargada, sa'an nan a wuce aya ta biyu. Ba a barin darasi sai an iya shi sarai. Kafin a tashi da rana yaro zai maimaita abin da ya koya da safe, kafin a tashi da yamma kuma ya maimaita na yinin duka.

Ɗiya ɗaya ce aka sa ta karatu tun ba ta kai 5 ba, wato Kezia autarsu, ba da son uwar ba. Ita ce kuwa ta fi kowa daɗewa kafin ta iya. Iyayen da ke gaggawar ɗora wa ɗan shekara 3 alli da allo su lura da wannan.

Akwai dokokin gidan da na ga sun fi kome amfani. Yaron da ya yi laifi ya faɗi gaskiya ya yi alkawarin gyarawa, ba a dūkansa, gama ta lura tsoron bulala ne ke koya wa yara ƙarya. Ba a horon yaro sau biyu a kan laifi ɗaya, in ya gyara kuma ba a yi masa gori. In ya yi wani abu da nufin faranta wa iyaye rai amma bai yi daidai ba, a karɓa da murna, a nuna masa yadda zai yi gaba. Alkawarin da aka yi wa yaro dole a cika. Ba mai-taɓa kayan ɗan'uwansa, ko da allura ce. Sa'an nan ba a koya wa yarinya ɗinki sai ta iya karatu da kyau, domin ta ga sa 'yan mata aikin hannu da wuri shi ne ya hana matan zamaninta iya karatu. Wannan doka ta ƙarshe, da ma a rubuta ta a ƙofar kowane gida namu inda a ke cire yarinya daga karatu domin talla ko reno.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai inda hannunta ya yi nauyi. Tun yaro yana shekara ɗaya ta kan koya masa tsoron tsumagiya da yin kuka a hankali. Ni ban ga dalilin da zai sa mu bi ta a nan ba. Amma wanda zai zarge ta ya tuna da haƙurinta kuma. An ce wata rana maigidan ya ƙidaya ta faɗa wa yaro abu ɗaya sau 20, ya yi mamaki, ita kuwa ta nuna masa da ta tsaya a na 19 da wahalar duka ta tafi banza.

A watan Fabrairu 1709 gobara ta cinye gidan da dare. Susana tana da tsohon ciki, ta ratsa wuta ta fita da ƙuna. John, ɗan shekara 5, ya rage a bene, sai da wani ya hau kafaɗar wani aka zaro shi ta taga kafin rufin ya rufta. Littattafai da takardu duka suka ƙone. Aka rarraba yaran gidajen mutane har a sake gini. Da suka dawo, ta tarar sun kwaso baƙar magana da rashin kula da ranar Lahadi. Ba ta tsaya kuka ba, ta sake shiri. Aka soma buɗe makaranta da rufe ta da waƙar Zabura. Babban yaro kuma ya ɗauki ƙaramin, na biye ya ɗauki na biye, su keɓe su karanta Zabura da sura ɗaya ta Tsohon Alkawari da safe, da yamma kuma Zabura da sura ɗaya ta Sabon Alkawari.

Littattafan koyarwa fa? Da ba ta sami wanda ya gamshe ta ba, sai ta zauna ta rubuta nata. A 1710 ta rubuta wa ɗiyarta Sukey bayanin Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, ta bi shi da bayani a kan Dokoki Goma, daga baya kuma ta shirya wani ta hanyar tambaya da amsa tsakaninta da babbar ɗiyarta Emilia. Ta auna kowane da hankalin wanda za a ba. Wanda ke neman tsarin karatu na Kirista domin gidansa ya dubi yadda ta jera nata: hali tukuna, sa'an nan addu'a, sa'an nan karatu daga Maganar Allah kanta, sa'an nan bayanin bangaskiya. Yau littattafai sun yi yawa a kasuwa, ba laifi a saya, amma uba ko uwa su fara karanta littafin da kansu kafin su miƙa wa yaro.

Cikin sanyin 1711 zuwa 1712 maigidan yana Landan wurin taron Ekklesiya. A lokacin ta ji labarin masu-bishara biyu da Sarkin Danmak ya aika ƙasar Indiya, abin ya taɓa zuciyarta ƙwarai. Ta ce a ranta ita ma tana da filin aiki, 'ya'yanta ke nan. Sai ta ba kowane yaro darensa cikin mako da za ta zauna da shi shi kaɗai su yi zancen ruhaniya. Daren Alhamis na John ne, bai kuwa manta da shi ba har ya girma. Ran Lahadi da yamma kuma ta kan karanta wa iyalin wa'azi daga littafi. Maƙwabta suka ji, suka riƙa zuwa, har suka kai wajen 200. Mataimakin faston ya kai ƙara. Samuel ya rubuto a daina, ita kuwa ta amsa cewa in ya ba da umurni sosai za ta bi, amma alhakin rayukan nan ya koma wuyansa. Bai ba da umurnin ba.

'Yan mazan sun wuce manyan makarantu har Jami'ar Oxford. John ya bar gida yana shekara 10 a 1714. 'Yan matan kuwa, da iliminsu duka, yawancinsu sun sha wuyar talauci ko mugun aure, musamman Hetty wadda ta fi su kaifin kai. Uwar ta ga wannan da idonta.

Samuel ya rasu a 1735, gidan ya koma hannun sabon fasto, Susana ta riƙa zama wurin 'ya'yanta bi da bi. A ƙarshe ta zauna tare da John a Landan, ta ga farkon farkawar da ta haifi Ekklesiyar Methodist. Sa'ad da John ya so ya hana wani saurayi, Thomas Maxfield, yin wa'azi domin ba a naɗa shi ba, ita ce ta ce ya saurare shi tukuna. Ya saurara, ya bar shi.

Ta rasu ran 23 ga Yuli 1742, tana da shekara 73. Ta riga ta roƙi 'ya'yanta su raira Zabura ta yabo da zarar ranta ya fita, suka kuwa yi haka a bakin gadonta. An binne ta a maƙabartar Bunhill Fields, inda kabarin John Bunyan ya ke, John ɗanta ne ya yi wa'azi a bakin kabarin. A 1778 ya buɗe babban ɗakin sujadarsa a ƙetaren hanya, daura da wurin.