Pandita Ramabai: 'Yar Masu Ziyara Da Ta Zama Uwar Gwauraye

Dattawan Maiduguri, har da na Gamboru, suna iya ba da labarin zamanin da maniyyata ke ratsowa ta garin nan sun fuskanci gabas, ta Cadi da Sudan, wasu da mata da 'ya'ya. Tafiyar kan ci shekaru. Akwai yaran da aka haifa a hanya, akwai iyayen da aka binne a hanya. Wanda ya san wannan ba zai sha wahalar gane ƙuruciyar Ramabai ba, ko da yake ita a Indiya ta yi tata tafiyar, cikin addinin Hindu, kuma tata ba ta da zango na ƙarshe, gama wuraren tsarki na ƙasarsu ba su ƙidayuwa.

Labarin ya faro ne daga wani malami. Mahaifinta, Anant Shastri Dongre, mutumin Brahmin ne, wato rukunin firistoci da masana. A addininsu ɗalibi yakan miƙa kansa ga malamin da suke kira guru, ya yi masa hidima, ya ɗauki maganarsa da nauyi fiye da ta uban da ya haife shi. Gurun Anant a birnin Puna, Ramchandra Shastri, yana koya wa matar sarkin garin harshen Sanskrit, harshen littattafansu masu tsarki, wanda a bisa al'ada ba a koya wa mace. Saurayin ya ji muryar mace tana karanta abin da aka ce ba na mata ba ne, abin ya zauna masa a zuciya. Da ya auri Lakshmibai, tana 'yar shekara 9, sai ya ƙudura zai koya mata. Dangi suka tayar masa, malamai suka kira shi gaban taro ya kāre kansa. Ya kwashe iyalinsa ya koma dajin Gangamul, a kan duwatsun yammacin Indiya, ya kafa tsangaya. A can aka haifi Ramabai ran 23 ga Afrilu, 1858.

Anant mutum ne mai buɗaɗɗen hannu. Ɗalibai da masu ziyara suka ci dukiyarsa har ta ƙare. Ramabai na jaririya aka sa ta cikin kwando, iyalin suka kama hanya. Daga haikali zuwa haikali suke tafiya, daga wannan kogi mai tsarki zuwa wancan. Inda suka sauka, uban ya zauna a bainar jama'a ya karanta littattafan Purana da ƙarfi, masu wucewa su ajiye abin da ya sawwaƙa. Da asuba, kafin a tashi, uwar ke koya wa yarinyar karatu. Kafin ta cika shekara 12 ta haddace baitoci dubbai. Uban kuma ya ƙi aurar da ita da ƙuruciya, domin ya ga baƙin cikin da auren wuri ya jawo wa yayarta.

Kada mai karatu ya ɗauki waɗannan mutane mayaudara ko marasa tunani. Da gaske suke neman Allah, da iyakacin hasken da suke da shi. Sun yi azumi har jiki ya raunana, sun yi wanka a ruwan da aka ce yana wanke zunubi, sun zauna watanni a ƙofar haikali suna jiran allahn wurin ya bayyana musu. Abin da suka samu suka ba firistoci sadaka, da sa zuciya za a mayar musu ninki-ba-ninki. A gaskiya irin naciyarsu tana kunyata da yawa daga cikinmu da ruwan sama kaɗan ke hanawa zuwa sujada.

Sai yunwa ta sauka a kudancin Indiya. Masu ba da sadaka suka rasa abin bayarwa. Alfaharin rukuninsu ya hana su bara, ya kuma hana su aikin ƙarfi. Suka sayar da tufafi da tukwane, suka shiga daji suna cin ganye da 'ya'yan itace. A 1874, kusa da Tirupati, ɗaya daga cikin manyan wuraren ziyararsu, tsohon ya rasu, ido ya riga ya tafi. Ba a sami mai taimakon ɗaukar gawa ba, ɗansa Srinibas ya ɗauke shi shi kaɗai. Cikin 'yan watanni uwar ta bi shi, daga baya yayarta ma. Ramabai na da shekara 16.

Ita da Srinibas ba su daina ziyara ba. Wace sana'a suka sani ban da ita? Suka yi fiye da mil 4,000 a ƙafa, galibi ba takalmi. Wato kamar mutum ya taka daga Gamboru zuwa Kano sau goma. Wani dare mai sanyi a ƙasar Punjab sai da suka haƙa rami a yashin bakin kogi suka binne jikinsu, kai kaɗai a waje. A wani tafki a duwatsun Himalaya aka nuna musu tsibirai bakwai masu yawo a kan ruwa, aka ce tsarkaka ne na dā, suna matsowa wurin mai tsabtar zuciya. Suka yi sujada, tsibiran ba su motsa ba. Firistoci sun gargaɗe su da kadoji, amma Srinibas ya faki ido ya yi iyo ya je. Ya tarar da ƙasa da duwatsu ne aka ɗora a kan katako, ana tura su in mai ziyara ya ba da kuɗi. Bangaskiyar ba ta rushe a rana ɗaya ba, amma daga irin waɗannan ta soma tsagewa.

A 1878 suka isa Kalkata. Masanan birnin suka gwada iliminta, suka sha mamaki, suka ba ta laƙabin Pandita, wato malama. A nan ta zauna ta karanta littattafan shari'ar addininta da kanta. Ta ga malaman sun saɓa wa juna a kan abubuwa da yawa, amma a kan mace kusan bakinsu ɗaya: hanyarta ta samun kuɓuta ita ce bauta wa mijinta. Ashe duk tafiyar nan, matsayinta na mace bai motsa ba. Srinibas ya rasu a 1880. A shekarar ta auri wani lauya, Bipin Bihari Medhabi, wanda rukuninsa ke ƙasa da nata, abin da ya jawo musu tsangwama. A garin Silchar ta tsinci Bishara ta Luka cikin littattafansa, ta karanta da marmari. A 1882 kwalara ta ɗauke mijin, ya bar ta da jaririya, Manorama.

A 1883 ta tafi Ingila neman ilimin likita, amma kurumtar da ta soma damunta ta hana. Matan wata ƙungiyar Anglikan a Wantej suka sauke ta. Suka kai ta wani gida a London inda ake karɓar matan da duniya ta yar. Ta tambayi dalilin wannan jinƙai, aka karanta mata labarin Yesu da Basamariya a bakin rijiya, a Yohanna sura 4. An yi mata baftisma tare da 'yarta ran 29 ga Satumba, 1883.

A nan akwai abin lura. Masu masaukinta sun zaci sun sami ɗaliba mai cewa to. Ramabai kuwa ta ga inda miƙa kai ga firistoci ya kai iyayenta, ba ta da niyyar sauya wani guru da wani. Ta yi gardama da limamai a kan koyarwa, ta nace sai an nuna mata a Littafi Mai Tsarki. Wasu sun kira wannan taurin kai, kuma ba a rasa shi a ciki. Ita da kanta ta shaida cewa shekara 8 ta yi da addinin Kirista kafin ta san Almasihu kansa, a 1891.

Da taimakon da ta tara a Amurka, ta buɗe makaranta a Bombay a 1889 domin gwauraye 'yan yara, waɗanda aka aurar tun suna ƙanana, mazan suka mutu, aka aske musu kai, aka ɗora musu laifin mutuwar. Da yawansu a garuruwan ziyara suke ƙarewa. Saboda haka a tsakiyar shekarun 1890 ta sa tufafin matalauciya mai ziyara, ta shiga Brindaban, birnin Krishna, ta zauna cikinsu. Bakwai suka yarda su bi ta, aka kulle su, ɗaya kaɗai ta iya fitarwa.

Da yunwa ta sake faɗowa a 1896, matar da ta binne iyayenta saboda yunwa ba ta iya zama ba. Ta bi sansanonin agaji ta kwaso 'yan mata kusan 300, ta kai su gonar da ta saya a Kedgaon, gabas da Puna. Ta sa wa wurin suna Mukti, kuɓuta ke nan, kalmar abin da iyayenta suka mutu suna nema. Bayan yunwar 1900 mazauna wurin suka kusa 2,000. Suka haƙa rijiyoyi, suka koyi noma da saƙa da aikin ɗab'i. Matan ikilisiyoyinmu da suka buɗe ɗakunansu ga gwauraye da marayu tun daga 2009 sun san abin da ciyar da baki ko goma ke nufi. A 1905 babbar farkawa ta addu'a da tuba ta auku a Mukti, labarinta ya zaga duniya.

Aikinta na ƙarshe shi ne fassara. Ta koyi Ibrananci da Helenanci, ta juya Littafi Mai Tsarki duka zuwa Marathi mai sauƙi, irin wanda matan ƙauye ke ji, 'yan matan Mukti suna jera haruffa a maɗaba'a. Manorama, wadda ake sa ran za ta gāje ta, ta rasu a 1921. Ramabai ta ƙarasa duba fassarar, kwanaki kaɗan bayan haka ta rasu, ran 5 ga Afrilu, 1922. A 1989 gwamnatin Indiya ta buga kan sarki mai hotonta. Gidan Mukti yana nan a Kedgaon, yana karɓar mata da yara.